Ajin da Yake Bin Yaro Gida

Shekara talatin ke nan da muka kai Kawu Bukar makwancinsa, kuma a cikin shekarun nan ban taɓa jin an ambaci sunansa a wani taron ilmi ba. An yi bukukuwa, an raba takardun yabo, an laƙaba wa makarantu sunayen mutanen da ni na san su, na kuma san yadda suke riƙe bulala. Shi kuwa shiru kake ji. In ma wani tsoho ya tuna da shi a Yakasai, abin da zai ce shi ne, “Af, malamin nan mai taurin kai da aka kora.” To, e, an kore shi, taurin kai kuma yana da shi har da na sayarwa. Amma tun da sauran numfashina, gara in faɗi abin da ya yi taurin kan a kansa, kada labarin ya ci gaba da yawo a karkace bayan babu mai gyara shi.

Yayan mahaifiyata ne. Kakanninsu daga Barno suka zo, suka zauna a Yakasai, gida ne na allo da tawada tun fil azal. Ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafai, sannan da Turawa suka fara horar da malaman boko sai ya kai kansa. Dangi suka yi ca a kansa. Amsar da ya ba su guda ce, cewa shi ba ya tsine wa abin da bai leƙa cikinsa ba. Ya leƙa, ya ga akwai abin ɗauka, ya ɗauka, aka ba shi aji a wata makarantar elementare ta En'e, wato hukumar gargajiya, a wajen Ƙofar Nassarawa.

Yaran yanzu ba za su gane yadda ake shiga makaranta a lokacin ba. Mutanen da suka ga shigowar Turawa birni da idonsu suna nan da ƙarfinsu, kuma babu uban da yake kai ɗansa boko da daɗin rai. En'e ce take gaya wa mai unguwa ya kawo yara, shi kuma ya bi gida-gida yana nuna wanda tsautsayi ya faɗa wa. A gidanmu ni ya faɗa wa. Mahaifina, Malam Abdullahi, marini ne mai ramuka da yawa a karofin unguwarmu, mutum ne kuma mai zafin rai wanda ba a yi masa magana biyu. Tun da Kawu ya karɓi aikin Nasara, tsakaninsu sai gaisuwa, ita ma a tsaitsaye. Da aka ɗauke ni kuwa, Baba ya rantse da hannun Kawu a ciki, alhali bai san hawa ba bai san sauka ba.

Makarantar tana da dogari guda wanda aikinsa kamo yara masu fashin makaranta. Malamin aji ya ba shi suna, shi kuma ya je ya jawo yaro ta kunne, a zane shi a gaban 'yan'uwansa, uban kuma a kira shi ƙofar mai unguwa a ci masa fuska. Haka ake riƙe yara a aji, kuma kowa ya ɗauka haka karatun boko ya gada.

Ni abin da ya haɗa ni da makaranta hannuwana ne. Kowace safiya sai mu yi layi mu miƙa hannu, Hedimasta ya bi yana duba tsabta. To ni ɗan marini ne. Tun ina ɗan mitsitsi nake matse zane a bakin rami, shuni ya kama fatata ya shige ƙarƙashin farce, ko da yashi na dirje ba ya fita. Hedimasta ɗan birni ne, ya san rini sarai, ƙila ma rigar jikinsa daga ramin Baba ta fito. Amma littafin tsabta da Bature ya ba shi ya ce farce ya zama fari, shi ke nan, farce sai ya zama fari. Kullum sai ya tsula mini a tafin hannu ya ce ƙazami. Na jure har na gaji, ran nan na tashi na yi wucewata karofi na ƙi zuwa. Baba ya gan ni, ya kau da kai, don abin da yake so ke nan.

Hantsi ya ɗaga ina bakin rami, sai na ji hayaniya a lungu. Na ɗauka dogari ne, har na fara auna katangar da zan haura. Sai ga baƙin allon ajinmu ya ɓullo a kan yara biyu, yana karkata nan yana karkata can, bayansa sauran 'yan ajin, bayansu Kawu yana tafe a natse kamar mai zuwa ɗaurin aure. Suka jingina allon da gindin durumin da ke karofin. Marina suka tsaya da aiki suna kallo.

Kawu ya yi wa manya sallama, sannan ya tsuguna a gabana ya ce, “Habu, me ya kore ka?”

Sai na miƙa masa hannuwana. Ya riƙe su ya daɗe yana kallo. Daga nan ya miƙe ya dubi yara ya ce, “Yau Habu ne malami. Zai gaya mana yadda farin zane yake shiga rami ya fito baƙi.”

Ni da ban taɓa buɗe baki a aji ba, ran nan na yi surutu har maƙogwarona ya bushe. Na nuna musu toka da shuni, da yadda ake jira rami ya nuna, da kumfar da ake dubawa. Na tsoma ƙyalle na fito da shi kore, suna kallo iska ta buge shi ya juye ya zama shuɗi, 'ya'yan malamai da 'ya'yan fatake suka saki baki. Wani ya tambaya me ya sa yake juyewa. Kawu ya ce shi ma bai sani ba, a rubuta tambayar a allo kada ta ɓace. Muka yi lissafi da zannuwan da ke shanye a igiya. Ban taɓa sanin cewa abin da nake yi kullum da hannuwan nan da ake duka ilmi ne ba sai ran nan.

Sai dai a ranar ne Kawu ya tafka kuskuren da ya kusa rushe komai. Ya ce kowa ya zo ya rubuta sunan mahaifinsa. Ni da ba na iya furta sunan da bakina, na ɗauki alli na rubuta shi. Baba ya matso yana goge hannu, ya tambaya mene ne wannan zanen. Kawu ya kira wani yaro da bai san gidanmu ba, yaron ya haɗa baƙaƙen ya karanta sunan tsaf. Na ga fuskar Baba ta sauya, abin ya shige shi. Shi kuwa Kawu, don sabo da yadda ake yi a aji, sai ya ɗauki tsumma ya goge allon ya jefar da tsumman a ƙasa, ya faɗa cikin caɓalin bakin rami.

Baba ya ce, “Malam Bukar, tsaya. Wannan abin da ka goge, rubutu ne ko ba rubutu ba ne? In ba rubutu ba ne, ka daina ɓata wa yarona lokaci. In kuwa rubutu ne, sunana da sunan Allah a cikinsa, ga shi can a cikin taɓo.”

Marina suka zuba wa Kawu ido. Duk wanda ya tashi a birnin nan ya san yadda ake yi da rubutun allo. Wanke shi ake yi a ƙwarya mai tsabta, ruwan a sha ko a zuba inda ƙafa ba ta takawa. Kawu ya fi kowa sanin haka, a gidan ya tashi. Sai ya ce, “Rubutu ne, Malam Abdullahi, kuma na yi kuskure. A taimake ni da ƙwarya da ruwa mai kyau.” Da hannunsa ya tsamo tsumman ya wanke, ya wanke allon tun daga sama har ƙasa a cikin ƙwaryar, ya kai ruwan ya tsiyaye a gindin durumi ta wajen katanga. Baba ya koma bakin raminsa. Amma da za su tafi ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba, in kama wa yaran nan allo, tun da saboda ni suka sha kaya.

Kafin mu bar karofi Kawu ya naɗe hannun riga ya tsoma hannuwansa biyu a rami har wuyan hannu. Ba mu gane dalili ba sai washegari. Muna layin duba tsabta sai ga shi ya zo ya tsaya kusa da ni, ya miƙa shuɗɗan hannuwansa yadda muka miƙa namu. Hedimasta ya iso kanmu da bulala a hannu. Ya dubi nawa, ya dubi na Kawu, ya dubi fuskar Kawu, sannan ya wuce zuwa yaro na gaba. Daga ranar ba a sake dukana a kan shuni ba, daga ranar kuma Hedimasta ya ƙulla da Kawu.

Abin da ya fara a kaina bai tsaya a kaina ba, don haka masu cewa ɗan ƙanwarsa ya yi wa gata su sake shawara. Ya zama ƙa'idar ajinmu. Kawu ya daina ba dogari suna. Duk yaron da ya yi fashi, ajin ne yake bin sa gida da allo a ka, shi ne kuma malamin ranar. Mun zauna a zauren maɗinka mun koyi awo da kamu. Mun zauna wajen masu jima muna toshe hanci muna rubuta sunayen fatu. Mun hau Dala Kawu ya sa mun zana birni da ƙofofinsa, kowa ya nemo unguwarsu. Duk inda muka je, in an gama sai a nemi ƙwarya a wanke allo a gaban masu gida, wanda ya fi yin tambaya mai ma'ana a ranar shi ake ba wankin, mu kuwa har faɗa muke yi a kai. Iyayen da suke rufe ƙofa in sun hango ɗan boko suka fara shimfiɗa mana tabarma. Ba wa'azi ya yi musu ba, sun ga ƙwaryar ne kawai.

Kada in mai da mu salihan bayi. Da muka gane inda abin ya dosa, sai wasu suka fara fashi da gangan don aji ya zo gidansu su yi malanta. Hedimasta ya riƙe wannan a matsayin hujja, yana cewa Kawu yana koya wa yara gudun makaranta. Kawu ya yi dariya ya ce yaron da ya ɓuya don karatu ya same shi a gida ai bai gudu ba. Duk da haka ya sa doka, ba a maimaita gida sai in da dalili na gaske.

Yanzu fa? Akwai wata firamare kusa da gidana, ba zan ambaci sunanta ba don ba ita kaɗai ba ce. Da an kaɗa ƙararrawa sai a ja ƙofar ƙarfe a garƙame. Wanda ya makara ya tsaya a waje, in an ga dama a buɗe a yi masa bulala ya shiga, in ba a ga dama ba ya koma. Ba gida suke komawa ba, kowa ya san haka. Ina ganinsu da kayan makaranta a bakin kwata da tashar mota, suna kashe lokaci har a tashi. Waɗanda suke ciki kuma, ta taga nake jiyo malami yana cewa “Kun gane?” su amsa da “E!” murya ɗaya, har wanda yake gyangyaɗi. Na san ajin yanzu ya cika ya batse, na san malamin yau ba zai iya ɗaukar allo ya shiga gari ba, ba ni da gardama a kan wannan. Amma ƙafarsa fa? Bakinsa fa? Da Kawu zai dawo ya tsaya a bakin ƙofar nan, ba gini zai duba ba, ba kuma takardar shaidar malamai ba. Zai nuna yaran da ke waje ne ya ce wa ya je ya tambaye su. A zamaninsa ana jawo yaro makaranta da ƙarfi, yau yaron ne yake kawo kansa ana rufe masa ƙofa, kuma duka biyun babu mai tambayarsa komai.

In koma baya. Hedimasta ya kai ƙara wajen Baturen makaranta, cewa allon En'e ya koɗe saboda wanki, gefensa ya farfashe saboda yawo, dogari kuma yana zaune ba aiki. Bature ya zo ba sanarwa, a ranar da muka tafi Gwammaja wajen wani ɗan ajinmu Sule, ɗan maƙeri, da ya yi fashi. Ya tarar da ɗaki wayam, ba yara ba allo. Ya zauna ya jira. Muka dawo rana tsaka a galabaice, allo a ka, muka gan shi zaune a kujerar Kawu.

Ba zan yi wa mutumin ƙarya ba, bai yi tsawa ba, kuma yana jin Hausa. Ya sa muka yi karatu da lissafi a gabansa. Ba mu fi sauran azuzuwa kyan rubutu ba, layinmu ma a karkace yake saboda rubutu a kan gwiwa. Abin da muka fi su guda ne, tun da aka fara bin yaro gida ba wanda ya ɓace daga ajinmu. Bature ya ga haka, ya ma faɗa. Sannan ya ce, “Amma Malam, in kowane malami ya ɗauki allo ya shiga gari, ina makaranta?”

Kawu ya ce, “Ranka ya daɗe, in kowane yaro ya gudu fa, ina take?”

Bature ya yi murmushi, amma murmushin bai hana shi yanke hukunci ba. Allo zai zauna a bango, ba wanki sai goga, mai fashi kuma a ba dogari sunansa kamar kowane aji. Wanda bai yarda ba ya bar aikin. Washegari kafinta ya zo ya kafe allon da ƙusoshi muna zaune muna kallo. Kawu yana tsaye a gefe, hannuwa a baya. Mu yara mun san abin da ke gaba, don mun san shi. Ranar da wani zai sake fashi, ranar ce za a san ko Kawu zai ci gaba da zama malaminmu.

Ba a daɗe ba Sule ya sake yin fashi. Dogari ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran suna, Hedimasta yana bayansa. Kawu ya ce, “Babu mai fashi a ajina. Akwai dai wanda ban je wurinsa ba tukuna.” Hedimasta ya ce ya zaɓa, ko sunan ko aikin. Kawu ya ajiye alli a kan tebur, ya ce mu ci gaba da karatun da ke allo kada wanda ya tashi, ya saka takalminsa ya fita shi kaɗai. Har Gwammaja ya taka. Ya tarar garwashin maƙera ya ƙone Sule a tafin ƙafa, ko tsayuwa ba ya iyawa, yaron da aka so a jawo ta kunne ke nan. Ya zauna kusa da shi ya yi masa darasin ranar a ƙasa da tsinke. Da ya dawo aka gaya masa ya bar bakin aiki ba izini, kada ya sake zuwa.

Mun yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Muka haɗa baki cewa mu ma mun bar makarantar. Kawu ya tara mu a zaurensa ya balbale mu da faɗa. Ya ce in muka bari iyayenmu za a wulaƙanta a ƙofar mai unguwa, kuma shi bai koya mana karatu don mu yi masa kara da jahilci ba. Mu je da safe mu ɗauki abin da za mu iya ɗauka, da la'asar mu zo wurinsa. Wani ya ce ai babu allo. Ya ce za a san yadda za a yi.

Wanda ya san yadda za a yi shi ne mutumin da ba a zata ba. Baba ya cire ƙyauren ɗakin da yake ajiye shuni, na katako mai kauri, ya sa aka kankare shi ya yi sumul, ya dama shuni mai kauri da ƙaro ya yi ta shafa masa yana shanyawa har ya yi baƙi sitik yana ɗaukar ido. Mata masu kaɗi a gidajenmu suka aiko da allin da suke shafa wa yatsa. Baba da kansa ya raka ƙyauren har zauren Kawu, ya sa aka jingina shi, ya ce, “A riƙa wanke shi yadda aka saba.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya juya. Mutumin da ya rantse boko ba za ta shiga gidansa ba, ɗakin shuninsa ya kwana a buɗe saboda ita.

Ƙyauren nan ya fi allon En'e nauyi nesa ba kusa ba, sai an taru ake ɗaga shi, amma ya shiga lungunan da wancan bai shiga ba. Kawu ya yi shekaru yana yawo da shi da la'asar, mu muka girma wasu suka karɓa, har da yaran da ba su taɓa taka makarantar En'e ba. Wanki yana cin shunin, Baba yana sake shafawa, shunin kuma yana bin hannun Kawu da bakin hannun rigarsa. Bai daina ba sai da gwiwoyinsa suka ƙi.

Ba waliyyi nake ba ku labari ba. Kawu bai iya ba na sama da shi haƙuri ba, ko da kalma ɗaya da za ta iya dawo masa da aikinsa. Iyalinsa sun ɗanɗana kuɗarsu. Da ɗinkin riga ya riƙe gida, idonsa ya raunana a kan allura, kuma na sha jin matarsa tana cewa ya fi sanin damuwar 'ya'yan mutane a kan ta nasa. Da gaskiyarta. 'Yan boko suna ce masa wanda aka kora, wasu malaman zaure kuma har ya mutu suna ce masa malamin Nasara. Ya zauna a tsakiya, kowane ɓangare yana harararsa, shi ko a jikinsa. Abin yana yi mini ciwo har gobe, amma ban taɓa jin ya ce da ya sani ba, ni ma ba zan faɗa a madadinsa ba.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ya daɗe da barin yawo da ƙyaure, amma yaran maƙwabta suna zuwa zaure har makon da ya kwanta. Da na kama hannunsa na dama, sai na ga shuni a gefen farcensa, siriri, ya ƙi fita. Na zuba ruwa na shafa a hankali yadda ake yi, ban dirje ba. Waɗanda suka ɗauki makararsa kuwa, da na duba, yawancinsu mutanen da suka taɓa ɗaukar allonsa ne, har da Sule, da furfurarsa, yana ɗan ɗingishi.

Me ya rage na Kawu bayan shekara talatin? Babu makaranta mai sunansa, babu hotonsa ko guda. Ni ban zama malami ba, rini na koma, daga baya na shiga cinikin tufafi, yanzu kuma na tsufa na zauna. Amma ƙyauren yana wurina, gara ta ci gindinsa kaɗan, sauran lafiya lau. Tambayarsa ma tana wurina. Da daminar bara na gaji da kallo, na fita na tsaya wajen yaran da aka rufe wa ƙofa, na tambayi ɗaya me ya makarar da shi. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare, don ba a taɓa tambayarsa ba. Ashe ruwa yake ɗebo wa kakarsa kafin ya fito, famfon unguwarsu kuma sai an yi layi. Wata yarinya ƙannenta take kai wa maƙwabta kafin ta taho. Na ce su biyo ni zaure. Na sa aka kakkaɓe ƙyauren, na nemo ƙwarya. Karatuna na elementare ne, amma ya isa in sa yaro ya tsaya ya gaya wa 'yan'uwansa abin da ya sani, sauran su rubuta.

Kwanan baya hedimastan makarantar ya aiko mini da saƙo ta bakin mai gadi, wai ina koya wa yara makara. Na yi dariya har na ƙware, don na taɓa jin maganar nan, daga bakin wani hedimastan, ina yaro. Na ce a gaya masa ba na riƙe ɗan kowa. Yaransa ne, ya zo da ƙafarsa ya tafi da su, zan shimfiɗa masa tabarma in ba shi ruwa. Sharaɗina guda, kafin ya tafi da yaro ya tsuguna ya tambaye shi me ya kore shi.

Har yau bai zo ba. Ni kuwa ban rufe zaure ba, kuma ba zan rufe ba. Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya haskaka kabarinsa, ya sa wani ya karɓi ƙyauren nan ranar da ni ma gwiwoyina suka ƙi.